Ɗalibin da Bai Goge Amsarsa Ba

Mu 'yan ajin kimiyya, in lissafinmu ya saɓa wa littafi, gogewa muke yi mu kwafi na littafin. Shi ya sa labarin Didier Queloz ya tsaya mana a rai.

Yana ɗalibin Michel Mayor a Jami'ar Geneva ya lura tauraron 51 Pegasi yana rangaji. Lissafinsa ya nuna wata duniya ce ke jan sa, mai kusan rabin nauyin Jupita, tana zagaye shi cikin kwana 4 kacal! Littafi kuwa ya ce ƙatuwar duniya ba ta samuwa dab da tauraro. Ya zargi na'urarsa, ya yi ta sake awo, amsa ba ta sauya ba. Suka sanar a 1995. Daga baya masana suka bayyana cewa can nesa ta samu, sannan ta matso.

Sun karɓi kyautar Nobel a 2019. Mu kam har yanzu kilina na aljihunmu.