Ƴar Wace Ƙasa Ce?

A wata unguwa ta birnin Maraɗi akwai wani dattijo da ya yi shekara talatin da ɗoriya yana jan motar haya tsakanin Maraɗi da Damagaram. Da yaron mota ya fara, ya zama direba, daga baya ya mallaki tasa. Ko da ya ajiye tuƙi saboda ido ya yi rauni, mutanen unguwa ba su daina zuwa gare shi ba duk sa'ad da wani zai sayi mota. Kowa ya san yadda yake duba ta. Yakan zagaya ta sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa ƙofarta da bayan yatsu, ya kasa kunne, sannan ya yi tambaya guda: "Ƴar wace ƙasa ce?" In aka ce Jamus ko Japan, sai ya gyaɗa kai. In aka ce Faransa, sai ya yi murmushi. In kuwa aka ce Sin ko Indiya, sai ya kaɗe rigarsa ya koma kan tabarmarsa, ba ya ƙara cewa uffan.

Ba a banza ya riƙe wannan ra'ayi ba. Motar da ta rufa masa asiri, ta aurar masa da ƴaƴa, ta kai shi Makka, Peugeot 504 ce. Ta sha rana da ƙura da ramuka, ta ɗauki kayan da suka fi ƙarfinta, kuma duk garin da ta tsaya akwai bakaniken da ya san cikinta. A bakinsa ƴar Faransa ce. Sai dai abin da ba ya yawan tunawa shi ne, a Kaduna aka haɗa ta, a masana'antar da ta fara aiki a shekarar 1975. Sunan na Faransa ne, hannuwan da suka ɗaura notinta kuwa na ƴan Najeriya ne.

Harshen kasuwa ma haka yake yi da sunayen ƙasashe. Bahaushe yakan ce mota "ƴar Kwatano" ce ko "ƴar Beljiyam", alhali ba a Kwatano aka ƙera ta ba, kuma da wuya a ce a Beljiyam ne. A tashar jiragen ruwa ta Antwerp aka ɗora ta, a Kwatano aka sauke ta, sannan ta biyo hanyar Parakou, ta haye gadar Gaya, ta ratsa Dosso da Birnin Ƙonni. Sunan hanya ne ya manne mata, ya rufe na inda aka haife ta.

Wata shekara babban ɗan dattijon ya tara kuɗi, ya haɗa da na shanu biyu da ya sayar, ya sayi mota a hannun wani dillali. Ƙirar Jamus ce ta gaske, ba ja. Uban ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ji ƙarfe ya amsa masa da nauyi. Ya ce, "Biya, ɗana. Wannan ko bango ta daka, bangon ne zai ji jiki." Bayan wata bakwai, da almuru, kaɗan bayan an wuce Tasawa, amalanke ta ɓullo kan kwalta babu fitila. Yaron ya kauce, motar ta daki itace. Ba gudu yake yi na fitar hankali ba. Shi ya karye a cinya, ƙirjinsa ya bugi sitiyari. Abokinsa da ke zaune a gaba ya fasa gilashi da kai, kuma kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Da aka jawo motar zuwa gareji, bakanike ya buɗe tsakiyar sitiyarin, inda jakar iska ya kamata ta kasance, wadda ke kumbura ta tare ƙirjin direba a lokacin karo. Soso ya tarar da tsumma. Ta gefen fasinja ma babu. Ƙaramar fitilar da ke gargaɗi idan jakar ta sami matsala, an zare ƙwanta. Bel ɗin kujerar mamacin ba ya kamawa. Ƙarafan gaba kuwa tsohuwar walda ce aka lulluɓe da fenti, alamar motar ta taɓa yin karo tun kafin ta hau jirgi.

Masu zuwa gaisuwa suka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Dattijon bai musa ba, don ya san ajali ba ya jinkiri. Amma abin da ya hana shi barci daban ne: da bakinsa ya ce a biya. Ya tambayi ƙasar mota, an faɗa masa gaskiya, kuma gaskiyar ba ta tsare kowa ba.

Abin da ya sami wannan gida ba baƙo ba ne a yammacin Afirka. A shekarar 2020 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto cewa daga 2015 zuwa 2018 Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo. Masu binciken gwamnatin Holan da suka duba motocin da ake shirin turowa sun tarar yawancinsu sun kai shekara 16 zuwa 20, yawancinsu kuma ba su da takardar shaidar lafiyar hawa hanya, wasu ma an cire musu muhimman kayan kariya. Duk waɗannan motoci ƴan manyan ƙasashe ne.

Shekara biyu bayan rasuwar, ƴar dattijon, wadda ungozoma ce, aka tura ta aiki wani ƙauye da ke hanyar Dakoro. Ta yi adashi, mijinta ya cika mata, ta ce mota za ta saya don ta daina hawa bayan babur da goyo. Ta zo wajen mahaifinta da daddare. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ki nemi wani. Ni na daina duba wa mutane mota." Ta ce, "Baba, ba wanda zai raka ni sai kai. Amma ka fara kallon wannan." Ta miƙa masa wayarta.

Hoton gwaji ne da aka yi a Amurka a shekarar 2016, wanda ƙungiyar Global NCAP mai gwada kariyar motoci ta shirya tare da abokan aikinta. An sako motoci biyu na kamfanin Nissan suka yi karo gaba da gaba. Ɗaya Versa ce, wadda ake sayarwa a Amurka a lokacin. Ɗayar Tsuru ce, wadda ake sayarwa a Meksiko a lokacin, kuma ƴan tasi na can sun daɗe suna ji da ita saboda araha da juriya. Gaban Versa ya lanƙwashe, jakunkunan iska suka buɗe, mazaunin direba ya tsaya yadda yake. Tsuru kuwa rufinta ya karye, ƙarafa suka shigo ciki, kan mutum-mutumin da aka zaunar ya daki ginshiƙin gilashi, ba jakar iska ko ɗaya. Dattijon ya ce a maimaita masa. Sannan ya yi tambayarsa ta kullum: ta farkon ƴar wace ƙasa ce, ta biyun fa? Ƴar ta ce, "Baba, dukansu a Meksiko aka ƙera su."

Nan ne gizo ke saƙar. Kamfani ɗaya ne, ƙasa ɗaya ce, abin da ya raba su shi ne kasuwar da aka nufa da kowacce. Dokar Amurka ba ta yarda a sayar da sabuwar mota babu jakar iska ba, don haka aka sa wa Versa. Dokar Meksiko ta lokacin ba ta tilasta ba, sai aka ci gaba da ƙera Tsuru bisa tsohon tsarinta na farkon shekarun 1990, har aka daina a 2017. An ga irin haka a Afirka. A 2018 sabuwar Nissan NP300 Hardbody da ake sayarwa a Afirka ta Kudu ba ta sami tauraro ko ɗaya ba wajen kare manya a gwajin karo na gudun kilomita 64 a awa. A 2020 aka haɗa ta karo da ƴar uwarta Navara ta 2015, wadda an riga an mora a Turai, kuma tsohuwar ta fi sabuwar kare direbanta nesa ba kusa ba. A ɗaya gefen, Toyota Etios, ƙirar Indiya, ta sami taurari huɗu a gwajin 2017 na motocin kasuwar Afirka ta Kudu.

Wani abu kuma ya bayyana ga dattijon a wannan dare, wanda ya fi yi masa ciwo. Ƙwanƙwasa ƙofa ba ya auna abin da yake zaton yana aunawa. Ƙarko daban, kariya daban. Mota tana iya yin shekara talatin a hanya, amma ranar karo ta miƙa dukan bugun ga ƙashin mutanen da ke cikinta. Motar zamani da gangan ake ƙera gabanta ya lanƙwashe ya shanye ƙarfin karo, a bar ɗakin zama da ƙarfe mai tauri. Wanda ya ga gaban mota ya tattare kamar gwangwani ya ce ba ta da kyau, wataƙila aikinta ne ta yi.

Sunan ƙasa ma ba ya zama wuri ɗaya. A 1887 Ingila ta yi dokar da ta sa dole a rubuta ƙasar asali a jikin kayan waje, kuma kayan Jamus ne abin nufi, don a lokacin ana ganin su masu araha ne marasa kyau. Ba a daɗe ba wannan tambari ya zama abin alfahari. Kayan Japan ma sun sha raini bayan yaƙin duniya na biyu. Motocin Sin na farko da aka kai Turai sun ji kunya a gwajin karo a 2005 da 2007, amma a 2013 wata mai suna Qoros 3 ta sami taurari biyar a gwajin Euro NCAP, wasu da yawa kuma suka biyo bayanta. Haka nan aibi ba shi da ƙasa. Jakunkunan iska na kamfanin Takata na Japan, waɗanda sinadarinsu ke lalacewa da zafi da laima har su tarwatse da ɓaraguzan ƙarfe, an same su a motocin Japan da na Amurka da na Jamus. An janye miliyoyin motoci don gyara, kamfanin kuma ya karye a 2017.

Ba wai ƙasa ba ta faɗin komai ba ne. Inda doka take da tsanani, ana gwaji a fili, masana'anta kuma ta saba da duba aikinta, motar da aka yi don mutanen wurin takan fito da kariya mai kyau. Amma tambaya ɗaya ce cikin uku, kuma ita ce mafi rauni. Ta biyu ita ce don wace kasuwa aka ƙera motar, a wace shekara. Ta uku ita ce me ya same ta daga ranar da ta bar masana'anta zuwa ranar da ta tsaya gaban mai saye. Motar da aka yi don hanyoyin Japan, alal misali, sitiyarinta a dama yake. In aka mayar da shi hagu a gareji don ya dace da hanyoyin Nijar ko Najeriya ko Gana, ingancin wannan aiki na mai walda ne, ba na Japan ba.

Ranar Asabar suka tafi wurin masu sayar da motoci su uku: dattijon, da ƴarsa, da bakaniken da ya buɗe sitiyarin nan. Dillali ya tarbe su da fara'a, ya nuna wata baƙa mai sheƙi ya ce, "Alhaji, ga irin taka, ƴar Jamus." Dattijon bai ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa ba. Ya ce wa bakaniken, "Ɗana, murɗa makulli, kada ka tayar." Suka zuba wa allon gaban direba ido. Fitilar jakar iska ya kamata ta kama na ƴan daƙiƙoƙi sannan ta mutu. Ba ta kama ba sam. Suka wuce.

A mota ta huɗu fitilar ta kama, ta mutu. Ƴar ta fizgi kowane bel da ƙarfi, gaba da baya, kowanne ya cije. Bakaniken ya kwanta a ƙasa da tocila yana neman walda, da tsatsar da gishirin da ake zubawa a hanyoyin Turai lokacin ƙanƙara ke haifarwa. Ya duba lambobi huɗu na jikin kowace taya, biyu na mako biyu na shekarar da aka yi ta, ya ce biyu sun tsufa, a rage kuɗinsu a ciniki. Ya gwada birki a fili. Daga ƙarshe ya goge ƙurar gilashi ya karanta lambar shasi, mai harufa da lambobi 17. Harafin farko galibi yana nuna inda aka ƙera mota: J Japan, W Jamus, L Sin. Wannan da S ta fara. Sunan kamfanin na Japan ne, a Ingila aka ƙera ta, takardunta kuma sun nuna a Holan aka yi ta hawa.

Da suka iso gida, dattawan majalisa suka taso suna sa albarka. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya san halin abokinsa, ya ce, "To, Alhaji, ƴar wace ƙasa ce?" Dattijon ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Ta ratsa ƙasashe da yawa. Abin da na sani, jakarta tana nan, bel ɗinta yana kamawa." Suka yi dariya, suna zaton wasa yake yi.

Da asubar Litinin ƴar ta ɗaure ɗanta a kujerar baya, ta zauna, ta tayar da mota za ta kama hanyar Dakoro. Yayanta ya fito yana dogara sanda, ya tsaya a bakin zaure. Uban ya leƙa ta taga, ya kai hannu ya ja bel ɗin da ke kafaɗarta don ya ji ko ya kama. Ya ce, "Kada ki yi tafiyar dare, kuma wanda ya ƙi ɗaurawa ki sauke shi, ko ni ne." Ta ce, "To, Baba." Ya ja da baya, ya yi mata addu'ar sauka lafiya.