Ɗana Da Sana'ar Rufa-Ido A Gidan Abinci

A ƙasar Hausa in aka ce wane ɗan dabo ne, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne mai tara jama'a a bakin kasuwa, ga layu ga guraye, yana mai da takarda kuɗi. Babu uwar da za ta yi wa ɗanta fatan haka. To amma a nan Ingila inda muke zaune, rufa-ido sana'a ce da ake biyan mutum a kanta, har suna da ƙungiya a Landan mai suna The Magic Circle tun 1905. Kuma ita ce sana'ar da ɗana na biyu, wanda aka haifa a nan Manchesta, ya ɗauka yake yi a gidan abinci.

Irin tasa ba ta kan dandamali ba ce. Tebur-tebur yake bi, ya tsaya gaban masu cin abinci minti biyar ko shida, ya ɓatar da tsabar kuɗi a tafin hannunsa, ya yanke igiya ta koma ɗaya, ya wuce gaba.

Samun aikin shi ne wahalar. Ya bi titin Wilmslow da ke unguwar Rusholme, inda gidajen abincin 'yan Pakistan da Larabawa suke jere, ƙofa bayan ƙofa. Ba ya zuwa sai tsakanin abincin rana da na dare, lokacin da babu ciniki, domin manajan da ke fama da baƙi ba ya sauraron kowa. Kuma ba ya buɗe baki da yabon gwanintarsa. Abin da yake faɗa musu shi ne, tsakanin sa'ad da mutum ya zaɓi abinci da sa'ad da za a kawo masa akwai jira, a nan yara ke rigima, manya su tsuke fuska. Shi zai cike wannan giɓi, in ma kicin ya makara ba wanda zai lura. Sai ya ce a ba shi dare ɗaya kyauta a gwada. Da yawa sun sallame shi tun daga bakin ƙofa, kafin wani dattijo ya yarda, yanzu yana zuwa Juma'a da Asabar, gidan ne ke biyansa, ba ya miƙa wa baƙi hannu. (Wadda ɗanta ya zo da bizar karatu ta lura, doka ba ta ba ɗalibi irin wannan damar yin aikin nishaɗantarwa ko sana'ar kansa ba.)

Ni kuwa abin da ya hana ni barci daban ne. Shin wannan ba sihiri ba ne? Na sa mahaifinsa ya kai maganar gaban malaminmu. Malam ya ce wanda ake yi da aljanu babu ja a kan haramcinsa. Amma na saurin hannu malamai sun saɓa. Ibn Kasir, a tafsirin aya ta 102 ta Suratul Baƙara, ya kawo rabe-raben sihiri daga Imam Razi, kuma rufa-ido yana ciki, shi ya sa da yawa suka hana. Wasu kuma sun sassauta matuƙar mai kallo ya san dabara ce, ba a cuce shi ba, ba a kuma yi da'awar sanin gaibu ba.

Da na ji haka sai na zaunar da yaron na ce duk wasan da zai kai waje sai na ga yadda ake yin sa. Ya ce, "Umma, ai 'yan sana'ar ba sa tona asiri." Na ce to uwa ba 'yar kallo ba ce. Ya nuna mini kuɗin nan a maƙale cikin tafinsa, ba inda ya je. Awa nawa yake yi gaban madubi kafin ya iya wannan, Allah kaɗai ya sani.

Sannan na gindaya sharuɗɗa. Gidan da ake sayar da giya ba zai shiga ba. Wasan nan na faɗa wa mutum abin da ke ransa babu shi, ko da wasa ne, don ya yi kama da duba. A kowane tebur sai ya faɗa da bakinsa cewa saurin hannu ne kawai. Ba ya riƙe hannun matar mutane. In zobe yake son ara, ya nema wajen maigidanta. Sai karta, wadda a kanta muka fi daɗewa muna ja, domin yawancin wasannin teburi da ita ake yi. Ya ce ba caca yake yi ba, na yarda, amma ni ban iya ganin ɗan da na haifa da karta a aljihu. Ya haƙura ya koma wa tsabar kuɗi, igiya, roba da 'yan ƙwallayen soso, waɗanda yara suka fi so ma.

Ba zan ce hankalina ya gama kwanciya ba, tunda magana ce mai saɓani. Da azumi dai ba ya zuwa sam, kuma manajan ya san in magariba ta yi zai ajiye kayansa ya yi salla. Kakarsa da ke Kano har yau abin da ta sani shi ne jikanta yana aiki a gidan abinci, mahaifinsa ya ce shi zai yi mata sauran bayanin in mun je gida.