Injin Ciyawa Da Mangwarorin Mahaifina

Shekara guda kafin rasuwarsa, mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya dasa mangwaro mai aure guda 22 a lambunsa da ke bayan garin Zariya. Da aka raba gado sai lambun ya faɗo hannuna, ni da nake aikin ofis a Kaduna, ba na samun leƙawa sai ƙarshen mako. Daminar farko ta nuna mini iyakata. Kafin watan Agusta ya raba, kyasuwa da gamba sun kai ƙirji, tafasa ta rufe hanyar rijiya, 'yan ƙwadago kuwa kowa yana gonarsa, wanda ka samu ma sai ya tsuga kuɗi. Sai na shiga kasuwa na sayo injin yankan ciyawa irin na ratayawa a kafaɗa, mai cc 43, wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai. A cikin kwalin akwai ƙunshin zaren nailan, da kan roba da ake naɗa shi a ciki, da wuƙa mai haƙora uku, da faifan ƙarfe mai haƙora 40. Mai shagon bai yi mini bayani ba, ni kuma girman kai ya hana ni tambaya.

Ranar Asabar ɗin farko na ɗaura zaren, domin shi na ga ya fi kama da abin da ba ya cutarwa. Na bi gindin kowane mangwaro na share shi tas. Dattijon da ke kula da lambun tun zamanin mahaifina, wanda duk gidanmu ke kira Baba, ya zo ya durƙusa a gindin ɗaya, ya shafa wurin da ɓawo ya saluɓe, ya ce, “Ɗana, wannan ai kaciya ka yi masa.” Na yi dariya. Kafin damina ta zagayo guda 7 sun bushe a tsaye.

Daga baya na gane abin da Baba ya gani. A ƙarƙashin ɓawon itace akwai wani siririn sashe mai ɗaukar abincin da ganye ya sarrafa zuwa saiwa. Idan aka kankare shi a gefe ɗaya, itacen kan warke. Idan kuwa aka zagaye gindin gaba ɗaya, saiwa za ta yi ta tura ruwa sama alhali ita tana mutuwa da yunwa, shi ya sa ganyen ke zama shar na watanni kafin ya yi yaushi. Ɓawon ɗan dashe bai da kauri, zaren da na raina ya ishe shi.

Zaren ba shi da kaifi, da gudu yake yanka. Kan injin yana juyawa sau dubbai a minti ɗaya, juyin ne ke miƙar da nailan ya sandare, bakinsa ya riƙa tsinke duk abin da ya taɓa kamar bulala. Wani Ba'amurke mai suna George Ballas ne ya fito da dabarar a birnin Houston a farkon shekarun 1970, bayan ya lura da yadda burushin wankin mota ke juyawa a jikin mota. Don ciyawar ƙofar gida aka yi ta. Mu kuma mun kawo ta inda tofa da sabara ke mulki, saboda haka dole mu san iyakarta.

Abin farko da ake dubawa a zare shi ne kauri. Mai milimita 1.6 zuwa 2.0 na ƙananan injuna ne masu batir ko lantarki, da ciyawa mai laushi irin kiri-kiri. Mai 2.4 zuwa 2.7 shi ne tsaka-tsaki, ya dace da yawancin injunan fetur da ciyawar farkon damina. Daga 3.0 zuwa sama sai inji mai ƙarfi. Na taɓa zaton kauri shi ne nagarta, ashe zare mai kauri yana jan iska sosai, idan inji bai kai ba sai gudunsa ya ragu, ya riƙa kwantar da ciyawa maimakon yanke ta, ga shan mai, ga wahalar da kuloci. Haka nan tsawo. A jikin garkuwar da ke kare ƙafa akwai 'yar reza mai datse zaren daidai gwargwado, masu cire garkuwar don yankan ya yi faɗi suna ɗora wa injin kayan da ya fi ƙarfinsa.

Sai siffa. Zare mai zagaye ya fi jure duwatsu da jikin katanga, amma yaga ciyawa yake yi. Mai kusurwa huɗu ko mai siffar tauraro yana yanka da kyau, sai dai yana saurin gutsirewa idan ya daki tsakuwa. Murɗaɗɗe ya fi rage ƙara. Akwai kuma wani abu da ya shafe mu musamman: nailan yana riƙe danshi, danshin ne ke ba shi taushi. Zaren da ya sha hunturu a kan kanta yakan bushe ya riƙa karyewa a bakin rami kowane minti biyar. Maganinsa shi ne a jiƙa shi a bokitin ruwa kwana guda kafin aiki, a kuma ajiye shi a inuwa.

Kan da ke riƙe zaren iri-iri ne. Wanda ya zo da injina shi ne wanda ake dungura wa ƙasa yana cikin juyi sai ya saki sabon zare. Yana da daɗin aiki, amma ƙasarmu mai marmara takan cinye gindinsa da wuri, kuma idan an naɗa zaren a hargitse ko aiki ya yi zafi, sai ya narke ya manne a ciki. Akwai kan alminiyan da ba shi da komai sai ramuka, ka yanka zare guntu-guntu ka soka. Dole ka kashe inji duk lokacin da za ka canja, amma babu abin da zai lalace, kuma ga wanda lambunsa ke nesa da kasuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kafin ka sayi kowane kai, ka tafi da tsohon, domin zaren notin ba iri ɗaya ba ne. Ka kuma sani cewa a yawancin injuna masu miƙaƙƙiyar sanda notin na juyin hagu ne: abin da hannunka ya saba da shi a matsayin kwancewa, a nan ɗaurewa ne.

Idan ciyawa ta yi kara, lokacin zare ya wuce. Wuƙa mai haƙora biyu ko uku ita ce ta gamba, tofa da tafasar da ta riƙa. Faifai mai haƙora 40 ko 80 zarto ne, na sabara, kalgo da tohon itace. Yawancinsu faɗinsu milimita 255 ne, ramin tsakiya kuma 25.4, kuma dole faifan ya zauna daram a mazauninsa, in ba haka ba zai riƙa karkarwa har ya ɓata giya. Baba ne ya nuna mini wani bambanci da babu shi a takardar injin. Zare yana niƙe ciyawa ta zama dusa, wuƙa kuwa tana kwantar da ita ɗungurungum kamar lauje. A wurin da ake tara ingirici don rani, ake kuma saƙa zana da gamba, wannan bambancin kuɗi ne. A daminar farko na niƙe abincin tumakinsa na wata da watanni, bai ce mini uffan ba.

Wuƙa tana da nata sharrin. Ka ɗauki faifan kamar fuskar agogo: idan sashen da ke tsakanin ƙarfe 12 da ƙarfe 2 ya daki kututture, injin zai yi tsalle gefe da ƙarfin da ba ka iya riƙewa. Saboda haka ake kai yanka daga dama zuwa hagu, da madauri a kafaɗa da hannu biyu a kan mariƙi. Masu ƙera injunan suna cewa kada kowa ya matso kusa da mita 15, domin tsakuwa na tashi kamar daga gwafa, ga yaranmu kuma da son kallon inji. Tabarau da takalmi mai rufi wajibi ne. Wuƙar da ta tsage a yar da ita, kada a kai wa mai walda. Kan da aka ɗaura wa sarƙa kuwa, Tarayyar Turai ta hana sayar da irinsa tun 2012 saboda guntun ƙarfe kan ɓalle ya yi kisa.

Na maye gurbin guda bakwai ɗin da sabon dashe, ko da yake ba hannun mahaifina ne ya dasa su ba, kuma wannan ba ya gyaruwa. Yanzu kowane ƙaramin itace yana sanye da guntun bututun roba da aka tsaga a gindinsa. Zare mai 2.4 nake sa wa hanyoyi da bakin rijiya a watan Yuni da Yuli, wuƙa mai haƙora uku daga Agusta, zarto sau ɗaya bayan kaka. Taku ɗaya daga gindin kowane mangwaro kuwa inji ba ya shiga. Nan wurin Baba ne da laujensa, kuma idan na je ranar Asabar yakan miƙo mini na biyun.