Kwaɗo da Ƙato a Ribah

Idan damina ta kankama a Ribah, hedikwatar ƙaramar hukumar Danko/Wasagu ta masarautar Zuru, kukan kwaɗi kan cika fadamu, yara kuwa su tayar da karya-harshen nan na kwaɗo da ƙato da suka tafi ƙoto, ana tambayar wanda zai ƙwace wa wani. Da yawansu C'lela suka tsotsa a nono, saboda haka wasan ya zame musu jarrabawa: duk wanda harshensa ya sarƙe tsakanin k da ƙ, dariya ta ci shi.

A ganina duk armashin wasan yana rataye da lanƙwasa. Gurbin furucin k da ƙ ɗaya ne, wato hanɗa, sai dai na farko tsayau ne, na biyu tunkuɗau. Ga kuma ɗ haɗiyau a tsakiyar kwaɗo yana janyo baki baya.

Dama rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, shi ya sa kwaɗon fadama da na ƙofa suke kama ɗaya a takarda da kwaɗon zogale, alhali kunne yana rarrabewa. Wannan rashi mun saba da shi. Wanda ya fi damuna shi ne na baƙaƙe masu lanƙwasa, waɗanda suka samu gindin zama tun shekarun 1930, yau kuma wayar salula take zubar da su. Ɗalibaina kan turo mini kwado, kato, koto, kwace, na karanta tsaf, harshena bai ko yi tuntuɓe ba.