Labarin zuciya, a tambayi fuska?

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Da wannan magana ɗan kasuwa ke ba da bashi, da ita kuma ma'aikaci ke sa hannu bisa takardar wanda ya zo masa da ladabi. Amma akwai wani tsohon wasan telebijin na ƙasar Amurka da ke sa mai kallo ya sake auna ta.

Sunan shirin « Alfred Hitchcock présente », kamar yadda aka san shi da Faransanci. An fara nuna shi a shekarar 1955, aka yi wasanni 268 kafin 1962, kowane da labarinsa da ƴan wasansa, ba ya wuce rabin awa. Hitchcock da kansa ke buɗe shirin ya rufe, yana zolayar jama'a ba tare da ya yi ko murmushi ba, amma 17 kaɗai daga cikin wasannin ya shirya da hannunsa. Ɗaya daga cikinsu shi ne na cinyar rago, na shekarar 1958, wanda marubucin Ingila Roald Dahl ya rubuta.

Ga yadda labarin yake. Mary Maloney tana da ciki, tana jiran mijinta ɗan sanda ya komo daga aiki. Da ya shigo sai ya ce mata zai rabu da ita. Ta ɗauko cinyar rago wadda ta daskare da sanyi don ta yi abincin dare, ta buga masa ita a ƙeya, ya faɗi matacce. Sa'an nan ta sa naman cikin tanderu, ta tafi kanti sayen kayan miya, ta komo ta kira ƴan sanda. Abokan aikin mijin suka yi ta neman makamin har dare ya yi, yunwa ta kama su. Ta roƙe su su ci naman kada ya lalace. Suna ci, ɗayansu na cewa wataƙila makamin na nan kusa da su. Ita kuwa tana zaune gefe, dariya na ƙwace mata.

A nan ba a ɓoye wa mai kallo kome ba, ya ga kisan da idonsa. To, me ke riƙe shi gaban akwatin? Fuskar Barbara Bel Geddes ce, wadda daga baya ta fito uwar gida a cikin « Dallas ». Da ta yi wasan da zare ido irin na mugaye, da ƴan sandan sun zama wawaye, labarin ya mutu. Da kuma ta cika kuka, da dariyar ƙarshe ta zama ƙarya. Sai ta tsaya tsakani: mace mai sanyin murya, mai kula da baƙi, wadda ba a iya cewa ga lokacin da ruɗewa ta ƙare dabara ta soma. Wanda ya sake kallon wasan zai tarar ba inda fuskar ta yi masa ƙarya. Shi ne ya karanta abin da ransa ke so.

Haka yake a wasan caca na 1960, shi ma daga labarin Dahl. Peter Lorre ya fito dattijo mai fara'a, ya ce wa Steve McQueen in ƙyastunsa na kunna taba ya kama sau 10 a jere, mota ta zama tasa. In ya ƙi ko sau ɗaya, a sare masa ƙaramin yatsa. Ana tsakiyar ƙirga sai ga matar dattijon, ta ce ba shi da mota ba shi da kome, duk ta cinye su a caca da shi. Ta miƙa hannu ta ɗauki mabuɗin, sai aka ga yatsu biyu kaɗai suka rage mata. Lorre bai ɗaga murya ba tun farko. Ladabinsa ne ya sa saurayin ya yarda aka ɗaure masa hannu bisa tebur.

Irin wannan wasa bai ƙare da Hitchcock ba. A Ingila an yi « Tales of the Unexpected » daga 1979 zuwa 1988, wanda Faransawa suka kira « Bizarre, bizarre », sa'an nan « Inside No. 9 » daga 2014 zuwa 2024. Dukansu bisa ƙa'ida guda suke: ɗan wasa ya riƙe gaskiya biyu a fuska ɗaya har minti na ƙarshe.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, juyin labarin a kan mai kallo yake faɗawa. Mutumin kirki, mai tsoron Allah, sai ya sami kansa yana fatan kada a kama mai kisan kai, kamar yadda yara ke goyon bayan Gizo alhali sun san macuci ne. Hitchcock ya san haka. Shi ya sa a ƙarshen wasan cinyar rago ya fito ya ce asirin Mary ya tonu daga baya, don ta so maimaitawa da miji na biyu, naman kuwa bai daskare ba. Wannan ƙurunƙus ne kawai, na kwantar da hankalin masu gidan telebijin, domin dariyar an riga an yi ta.

Saboda haka mai kanti da mai biro suna da abin ɗauka cikin rabin awar nan. Ƴan sandan Mary ba wawaye ba ne. Ƙwararru ne da suka tambayi fuska, ta ba su amsa, suka ci suka ƙoshi. A tambayi fuska, ba laifi, amma a leƙa tanderu. Allah ya kyauta.