Abdullah Ibrahim da kaset ɗin da na fara ji a Samaru

Mu da muka yi karatu a Samaru ta Zariya a ƙarshen shekarun 1970 mun tashi ne da zancen Afirka ta Kudu a bakinmu. Jawabin Janar Murtala a Addis Ababa a Janairun 1976 bai bar kunnuwanmu ba. Yayyenmu ma'aikata ana yankar wani kaso na albashinsu ana zubawa a asusun agajin kudancin Afirka. Sunayen Sharpeville da Soweto da Steve Biko kuwa mun haddace su tsaf. Mukan fita da kwalaye, mu yi ta ihu har murya ta dishe. Mun ƙi mulkin wariyar launin fata har cikin zuciya, amma ta jarida da rediyo muka san shi.

A kusa da ɗakina akwai wani ɗalibi ɗan Cape Town, cikin waɗanda suka tsero bayan tarzomar Soweto ta 1976 Nijeriya ta ba su gurbin karatu. Ba shi da yawan magana, in an kaure da muhawara kan ƙasarsa ma sai ya tashi ya bar wurin. Abin da ya mallaka bai wuce akwati ɗaya da 'yar rikoda mai batir ba, sai wani kaset da rubutun jikinsa ya koɗe. Zaren ya taɓa tsinkewa ya liƙe shi da salatif, in kuma ya harɗe sai ya zura biro ya naɗe shi a hankali, yana riƙe numfashi. Wani dare na hunturu kiɗan ya ratso bango, na kasa ci gaba da karatu, na je na ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Piyano ne, amma ba irin na cocin Turawa da muke ji a rediyo ba. Sautinsa da ɗan ƙarfe-ƙarfe. Hannun hagu na maimaita 'yar gajeriyar jimla ɗaya ba gajiyawa, kamar 'yan amshi a bayan mawaƙi, sai mai busa saksofon ya hau kai ya yi ta zuba, ya yi sama, ya sauko, ya sake tashi. Fiye da minti goma ana tafe a haka, babu baiti ko ɗaya sai 'yan kalmomi can wajen ƙarshe. Kiɗa ne da za a iya takawa, amma mai ɗakin yana zaune bakin gado, kansa a sunkuye. Da ya ƙare ya ce da ni sunan kiɗan "Mannenberg", sunan unguwar da aka kwashe iyayensa aka jibge.

A bakinsa na fara jin labarin District Six, tsohuwar unguwa a gindin dutsen Cape Town, kusa da tashar jiragen ruwa, inda masallaci da coci suke maƙwabtaka. A 1966 gwamnati ta ce daga yau wurin na Turawa ne kaɗai. Aka kawo katafila aka rushe gidaje layi-layi, aka kwashe mutum fiye da 60,000 zuwa filayen yashi na bayan gari, Manenberg na ciki. Basil Coetzee, mai busar nan da ta ratsa ni, shi ma da shi aka kwasa. A daren na gane dalilin da ya sa maƙwabcina ba ya iya zaman muhawararmu: mu muna zancen manufa da dokoki, shi kuwa ƙofar gidansu yake gani.

Mai piyanon a lokacin da sunan Dollar Brand aka fi saninsa. An haife shi Adolph Johannes Brand a Cape Town ranar 9 ga Oktoba, 1934. Kakarsa ita ke kaɗa piyano a cocinsu, a gabanta ya fara taɓa shi yana ɗan shekara bakwai, kuma waƙoƙin cocin nan ba su taɓa barin yatsunsa ba. A kansu ya ɗora marabi, kiɗan unguwannin baƙar fata, da jaz na Amurka da ke shigowa a faya-fayai ta hannun ma'aikatan jiragen ruwa. A 1959 shi da Kippie Moeketsi da Hugh Masekela da Jonas Gwangwa da wasu biyu suka kafa ƙungiyar Jazz Epistles, suka naɗi faifai a farkon 1960. Ba su more shi ba. A watan Maris 'yan sanda suka harbe mutum 69 a Sharpeville, aka ƙaƙaba dokar ta-ɓaci, taron jama'a ya zama abin tsoro, ƙungiyar ta watse. A 1962 ya bar ƙasar zuwa Zurich tare da mawaƙiya Sathima Bea Benjamin, wadda ya aura daga baya.

Ita ce ta buɗe masa ƙofa. A farkon 1963 babban makaɗin jaz na Amurka Duke Ellington ya zo wasa Zurich, ta tsare shi bayan an tashi, ta dage sai ya zo wani ɗan gidan rawa mai suna Africana ya saurari saurayinta da abokansa biyu. Ya zo, ya ji, cikin 'yan kwanaki ya kai su ɗakin naɗar sauti a Faris. Daga nan sai Niyok da bikin jaz na Newport a 1965, a 1966 kuma har ya zauna a kujerar Ellington ya ja ragamar babbar ƙungiyarsa a wasanni biyar. Wani da ya samu irin wannan dama da ya rikiɗe ya zama Ba'amurke a kiɗa, kuma ba mai ganin laifinsa. Abin da ya sa nake girmama mutumin nan shi ne ya koyi abin koyo a wurin Ellington da Thelonious Monk, sannan ya juya ya fuskanci gida.

A 1968 ya koma Cape Town ya karɓi Musulunci, ya zama Abdullah Ibrahim, daga baya ya je ya sauke farali. A 1974, a wani zuwa gida da ya yi, ya naɗi "Mannenberg" tare da Coetzee da Robbie Jansen, wani mai kantin faya-fayai a Johannesburg, Rashid Vally, ya ɗauki nauyin aikin. Ƙarfe-ƙarfen nan da na ji ashe daga wani tsohon piyano ne da aka kafa wa ƙananan ƙusoshi a kan gudumominsa, ya bar babban piyanon ɗakin ya koma kansa don muryarsa ta fi kama da ta marabi. Hukumar tace waƙoƙi ba ta da baitin da za ta kama, amma duk wanda aka taɓa kora daga gidansa ya san abin da ake faɗa. A shekarun 1980 Coetzee da Jansen sun riƙa busa shi a tarukan gwagwarmaya.

Na kwafi kaset ɗin, na ƙara da wani da na samu daga baya, "Good News from Africa", wanda ya yi a 1973 da mai babbar garaya ta Turawa, Johnny Dyani. Da hutu na tafi da su gida. Wata rana da la'asar mahaifina ya tarar da ni a zaure ina sauraro, daidai wurin da Abdullah ke ɗaga murya da kiran salla. Ya tsaya, butarsa a hannu.

"Kai, wane ne wannan yake haɗa kiran salla da kiɗa?"

Na rage murya na ce, "Baba, wani mutumin Afirka ta Kudu ne. Musulmi ne, har Makka ya je. Turawa suka kore su daga gidajensu."

Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Allah Ya isar musu. Amma wannan wurin ka riƙa tsallake shi, kiran salla ba abin wasa ba ne."

Na bi maganarsa, kuma ban taɓa ɗaukarta taurin kai ba. A wurinmu makaɗi maroƙi ne, ana son kiɗansa ana ƙyamar ba shi 'ya, ga kuma maganganun malamai a kan kiɗa. Shi kuwa Abdullah ya fito daga garin da Musulminsa, jikokin bayi da fursunonin da 'yan Holan suka kawo daga tsibiran Indonesiya da wasu sassa, suka riƙe addini cikin wuya, da zikiri da waƙe a bainar jama'a. Mahaifina ya yi musu addu'a tun kafin ya yi gyara, kuma bai ce in daina jin sauran ba.

Bayan tarzomar Soweto Abdullah ya sake ficewa daga ƙasar, ya fito fili yana goyon bayan ANC mai yaƙi da mulkin wariyar launin fata. A Niyok ya kafa ƙungiyar Ekaya mai mutum bakwai a 1983, a nan ne ake ganin gwanintarsa ta jagora: ba ya cika wuri da yatsunsa, yakan taɓa kaɗan ya bar masu busa huɗu su ɗauki waƙar a tare, a natse. Wanda bai san shi ba ya fara da faifansu "Water from an Ancient Well". Shi ya yi kiɗan fim ɗin "Chocolat" na 1988 da aka ɗauka a arewacin Kamaru, da "Tilaï" na Idrissa Ouédraogo ɗan Burkina Faso a 1990, shekarar da aka sako Mandela shi ma ya koma gida. Ya kaɗa piyano a bikin rantsar da Mandela a 1994, a 2019 kuma Amurka ta ba shi lambar girma mafi daraja da take ba makaɗan jaz.

Yawancin filin District Six har yanzu fayau yake, ciyawa ce a kai, iyalai kaɗan ne aka mayar, da yawa daga cikin waɗanda suka shigar da takardun neman haƙƙinsu sun rasu suna jira. Manenberg kuwa in ta fito a labarai yau, galibi kan faɗan 'yan daba ne da harbe-harbe.