Kan Jirgi Biyu, Dogo Ɗaya

A kabad ɗin makarantarmu akwai jirgin ƙasa na wasa, mai aiki da lantarki, wanda wata baturiya ta bar mana sa'anda ta koma gida. Kan jirgi biyu ne da tarago shida. Da shi nake koya wa 'yan aji shida sha'anin lantarki.

Irin na dā ne, wanda ake ce da shi DC. Wuta tana bi ta ƙarfen dogo ta shiga inji. In ka murɗa maɓalli, wuta ta ƙaru har bolt 12, jirgi ya ƙara gudu. In ka sauya wayoyin biyu, ya koma da baya. Amma ga aibinsa: dogo kake ba umarni, ba jirgi ba. In ka aza kai biyu, tare za su tashi, tare su tsaya, sai fa an raba dogon kashi-kashi, kowane kashi da maɓallinsa.

Ran nan ƙanena ya dawo daga karatu a Ingila da sabon iri, watau DCC, wanda kamfanin Lenz na Jamus ya ƙago wajen shekarun 1980. Wannan kuwa wuta kullum tana kan dogo, umarni yana tafe a cikinta. Kowane kai yana da 'yar na'ura mai lamba. Wanda ka kira lambarsa, shi kaɗai zai motsa. Yara biyu su yi tuƙi a dogo ɗaya, ba gardama.

Zumuɗi ya ɗebe ni, na aza tsohon kan makaranta bisa sabon dogo. Bai motsa ba, sai ƙara kamar zuma. Ƙanena ya fizge shi, ya ce, "Yaya, taɓa ka ji!" Ashe ya yi zafi, saura kaɗan injin ya ƙone, gama ba shi da na'urar. Gabana ya faɗi, domin kayan amana ne.

Ya ce a saya wa tsofaffin na'ura. Na yi tunani, na ƙi. Sabon ya fi daɗin wasa, amma aikinsa a ɓoye yake. Tsohon kuwa, yaro ya sauya waya da hannunsa, ya ga jirgi ya juya, ba zai manta ba. Saboda haka sabon yana gida wurin 'ya'yana, tsohon ya koma aji.